Daga Tsintsiya Zuwa Alli: Booker T. Washington da Ɗaliban Dare



Wannan lacca ta shafi wani malami ne wanda guminsa ya biya masa kuɗin karatu, sa'an nan ya mayar da wannan wahala hanyar da dubban 'ya'yan talakawa suka bi suka sami ilmi.

An haifi Booker T. Washington cikin bauta a jihar Bajiniya ta Amurka a 1856. Da aka 'yanta bayi a 1865, sai iyalinsu suka koma garin Malden, inda tun yana yaro ya yi aikin dafa gishiri da haƙar kwal. A ramin kwal ne ya tsinci labarin makarantar Hampton, wadda ke karɓar baƙar fata ko da ba su da ko anini, muddin za su yi aiki. A 1872 ya kama hanya, tafiyar mil 500, wani wuri a ƙasa, wani wuri a keken doki. Ya isa fututu, har malamar da ke ɗaukar ɗalibai ta yi shakkarsa, ta ce ya share wani aji. Ya share sau uku, ya goge ƙura sau huɗu. Jarrabawarsa ke nan. Aka ɗauke shi, aka kuma ba shi aikin shara da hura wuta, ya riƙa tashi tun asuba, har ya gama a 1875.

Abin lura shi ne yadda ya yi da wannan wahala da ya zama malami. Sau da yawa wanda ya sha wuya kafin ya sami ilmi yakan zama mai tsanani, ya ce ai shi ma haka ya sha. Washington bai bi wannan hanya ba. A 1879 aka ba shi ajin dare a Hampton, na ɗalibai kamar 12 waɗanda ke wuni sa'a goma a injin yankan katako ko a ɗakin wanki, su yi karatun sa'a biyu da dare. Yawancin ladansu ana ajiye musu a baitulmalin makaranta, bayan shekara ɗaya ko biyu su shiga ajin rana da abin biyan abinci a hannu. Watau ya gane cewa ba ƙwaƙwalwa ta hana talaka karatu ba, rashin lokaci ne da rashin guzuri.

Ranar 4 ga Yuli 1881 ya buɗe makarantar Tuskegee a jihar Alabama da ɗalibai 30. Gwamnatin jiha ta ba da dala 2,000 a shekara don albashin malamai kawai, babu fili, babu gini. Ɗalibai ne suka gasa bulo suka gina azuzuwansu.

Amma fa ba a rasa nono a ruga. W.E.B. Du Bois ya soke shi a 1903, cewa ya yarda a tsayar da baƙar fata a kan sana'ar hannu, a bar wa farar fata ilmi mai zurfi da siyasa. Wannan suka tana da tushe, kuma ta shafi ƙasar nan. Thomas Jesse Jones, tsohon malamin Hampton, shi ya jagoranci kwamitin Phelps-Stokes da ya zagaya Afirka ta Yamma a 1920 zuwa 1921. Hanns Vischer kuwa, watau Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, shi ya zama sakataren kwamitin ba da shawara kan ilmin ƙasashen Afirka a Landan a 1923. A hannun masu mulkin mallaka, dabarar da bawa ya bi don ya hau sama ta koma dalilin taƙaita ilmin waɗanda ake mulka.

Saboda haka sai a ɗauki tsarin, a bar ƙaidin. Kumbotso tana da Kwalejin Ilmi ta Sa'adatu Rimi, wadda aka kafa a 1981, ga kuma masana'antun Calawa, inda samari ke wuni a majemu da injunan roba. Ma'aikacin da ke rana wannan mako, ya koma kwana mako mai zuwa, ba zai iya bin jadawalin da aka tsara wa ɗan kwana a makaranta ba. Malamin da ya rufe masa ƙofa don ya makara da minti goma bai gyara komai ba. Abin da ya dace shi ne hukumar makaranta ta zauna da masu masana'antu kafin ta fitar da jadawalin darussa da na jarrabawa, ta kuma yarda a biya kuɗin rajista kashi-kashi, daidai da ranakun da ake biyan albashi.