Ruwa Kafin Wuta: Lacca kan Kafa Hitar Wanka a Maraɗi

 

Da hunturu ya kama a Disamba, za ku ga magidanta suna sayen hitar dumama ruwa a kasuwar Maraɗi. Wata ba ta yin sati ta mutu, a ce jabu ce. Sau da yawa ba laifin kayan ba ne, an ba ta wuta ne cikinta wayam. Ƙarfen da ke zafafa ruwan, a cikin ruwa aka ƙera shi ya zauna. In ya sha wuta a bushe, nan take yake ƙonewa.

Don haka bayan an haɗa bututu, a buɗe famfon ruwan zafi, a saki na sanyi ya shiga. Za ku ji famfon yana tari, yana tofar da iska. A jira. Sai ruwa ya zubo santal babu yankewa, sannan a taɓa makunni.

Wannan ya fi shafarmu, domin a nan ruwa da wuta ba kullum suke zuwa tare ba. Wutar da NIGELEC ke raba mana, wani ɓangarenta daga Najeriya yake shigowa ta layin Katsina, kuma ba mu manta yadda aka yanke ta a Agustan 2023 ba. In famfo ya ɗauke, wani ya zuƙe ruwan tankin hitar, wuta ta dawo cikin dare, an yi asara. In babu ruwa, a kashe hitar.

Sai bango. Tanki mai lita 50, in ya cika, ya fi buhun siminti nauyi. 'Yan'uwana na Tibiri da Jiratawa masu ginin ƙasa, kada ku rataya shi da ƙusa. A yi masa ginshiƙi na bulo ko ƙafafun ƙarfe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗan bawul ɗin da ke bakin shigar ruwan sanyi. Ruwa in ya yi zafi yakan ƙara yawa, sai bawul ɗin ya riƙa ɗiga don rage matsi. Aikinsa ke nan. Amma sai maigida ya ga ɗigon, ya kira yaro ya toshe shi. Don Allah a daina. Ranar da ma'aunin zafi ya lalace, tankin da aka toshe yana iya fashewa. A sa masa ɗan tiyo ya kai ɗigon magudana.

Mai gyaran wuta kuma ya ja wa hitar layinta daban, waya mai kauri 2.5, da wayar ƙasa, da makatsar wuta ta miliamfiya 30 wadda ke yankewa kafin wuta ta kama mai wanka. A saita zafi wajen digiri 60: ƙasa da haka sosai ƙwayoyin cuta suna samun wurin zama, sama da haka fatar yaro ce za ta sale. Dumama lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin kilowat-awa 2 da ɗoriya, wato kamar awa ɗaya da rabi ga hita mai wat 1500. Ku kunna ta bayan sallar isha ko kafin asuba, gwargwadon lokacin wankan gidanku.