Idan Doki Ya Ji Mummunan Rauni A Ƙafa

Yau maganarmu a kan doki ce. Wani zai ce, me ya haɗa ɗakin magani da barga? Ku yi haƙuri, kafin mu gama za ku gani.

Mutanen ƙasar Daura ba a koya musu son doki. Da Hawan Sallah, da Hawan Magajiya, da Sallar Gani, dawaki kan taho daga Baure, da Zango, da Sandamu, da Mai'aduwa su cika Kangiwa. To, a irin wannan lokaci ne suka fi jin ciwo. Wani ya faɗi wajen sukuwa, wani ɗan'uwansa ya harbe shi, wani kuwa tsohon kwano ko waya ta yanke shi.

Ka shafa ƙafar dokinka daga gwiwa zuwa kofato, za ka ji babu tsoka, sai fata da jijiya da ƙashi. Shi ya sa rauni a nan ya fi na cinya wuyar warkewa, ga shi kuma kusa da ƙasa inda ƙazanta take.

Abu na fari, a tsai da jini. Wani ya riƙe ragama, kai kuma ka tsaya a gefe, kada ka durƙusa bayan dokin. Ka ninka tsumma mai tsabta, ka danne raunin da ƙarfi har minti 15, ban da ɗagawa a leƙa. In jini ya ratso, ka ɗora wani a kai. Kada yawan jini ya firgita ka, babban doki yana da jini fiye da lita 25.

Sa'an nan a wanke. A tafasa ruwa lita 1, wato cikin ledar ruwan sha biyu, a zuba gishiri cokalin shayi 2, a bar shi ya huce. A yi ta kwarara shi a kan raunin har yashi da gashi su fita.

Yanzu ga inda nake son ku buɗe kunne. Mutane da yawa, don ƙauna, sukan cusa toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko baƙin man mota, har da garin batir. Wallahi wannan ɓarna ce. Baƙin mai da garin batir suna ƙona naman da zai haɗu. Ƙasa da kashin dabba kuwa su ne gidan ƙwayar cutar sarƙewar haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus, kuma a cikin dabbobin gida babu wanda ta fi kamawa kamar doki. Sai bayan kamar kwana 10 zuwa 14, mai doki yana murna rauni ya fara kamewa, ya wayi gari ya ga dokin ya sandare, kunnuwa a tsaye, wutsiya a ɗage, baki ya ƙi buɗuwa, ƙara kaɗan ta sa shi zabura. Galibin waɗanda suka kai nan ba su tashi.

Saboda haka a ranar da abin ya faru a nemo likitan dabbobi. Rauni mai son ɗinki ya fi kamawa in an ɗinke shi cikin awa 6 zuwa 8. Shi zai yi allurar sarƙewar haƙora, shi kuma zai faɗi ko ana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, kada a saya a kasuwa a yi ta tsira wa dabba da ka. In dokin ya ƙi taka ƙafar, ko ruwa rawaya mai yauƙi yana fita kusa da gaɓa, ko ƙusa ta shiga kofato, ko kwana kada a yi.

Wajen ɗauri, a sa ƙyalle mai tsabta a kan raunin, a naɗe ƙafar da auduga mai kauri, kana a bi da bandeji. Bandeji ba auduga yakan datse jini ya ɓata jijiya. Da fari a sake shi kullum, in ruwa ya ragu, bayan kwana 2 ko 3. A share barga, a ɗaure dokin a busasshen wuri, a kore ƙuda don kada tsutsa ta shiga. In jan nama ya tsiro ya ɗara fata, kada a ƙona shi, likita ne zai rage shi. Irin wannan rauni yakan ɗauki watanni, sai a haƙura da hawa ko da Sallah ta zo.

Ga abin mamaki. A Jamus aka gano maganin dafin wannan cuta a 1890, kuma daga jinin doki ake samun irin allurar da aka daɗe ana yi wa mutum in ya ji rauni. Ita tana tsare jiki mako 2 ko 3 ne kurum. Ta rigakafi ita ce mai daɗewa, ana yi wa doki sau biyu, wata guda tsakani, sa'an nan a riƙa sabuntawa.

To, ga abin da ya haɗa barga da ɗakin magani. Ƙwayar nan da ke cikin kashin doki ba ta bar mutum ba. Yaron da ke share barga ba takalmi, da kai da ke wanke raunin da yanka a hannu, duk tana iya shigarku. A wanke hannu da sabulu kafin ɗauri da bayansa. Wanda ƙusa ko ƙarfe ya soka, ya wanke wurin, ya zo ɗakin magani a ranar, ya gaya wa malamin asibiti yaushe rabonsa da allurar.