Kafin A Kai Asibiti

 

An ce in yi magana a kan taimakon gaggawa, wato abin da za a yi wa wanda ya ji rauni ko numfashinsa ya tsaya kafin a kai shi wurin likita. Bari in tambaye ku. Daga ƙauyenku zuwa asibitin da ke da likita, tafiyar minti nawa ce a kan mashin? Wasu za su ce rabin awa, wasu awa biyu, in kuwa damina ce rafi ya kawo, sai yadda Allah ya yi. To, ku riƙe wannan lissafi. Idan numfashi ya tsaya, ƙwaƙwalwar mutum takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Bayan minti 10, da wuya ta komo daidai. Babu likitan da zai iso a cikin wannan ɗan lokaci. Wanda ke kusa shi ne likitan, ko matar da ta zo wanki bakin rafi, ko yaro mai kiwo, ko ɗan acaɓa.

Kada wani ya ce aikin masu ilimi ne. A shekarar 1859 an yi wani mummunan yaƙi a Solferino, a arewacin Italiya, aka bar dubban sojoji kwance cikin jini. Wani ɗan kasuwa mutumin Suwizalan mai suna Henry Dunant ya tattara matan wani gari da ke kusa, Castiglione, suka yi ta wanke raunuka suna ba da ruwa a cikin majami'ar garin. Ba likitoci ba ne, matan gida ne kamar ku. Daga wannan aiki ƙungiyar Red Cross ta samo asali a 1863.

Dabarar farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya kuwa ba ta daɗe ba. A 1960 ne masu bincike uku a asibitin Johns Hopkins na Amurka suka nuna cewa danna ƙirji da hannu yana tura jini zuwa ƙwaƙwalwa, ba sai an tsaga ƙirjin ba. Aka haɗa wannan da hura iska baki da baki. Babu inji, babu allura. Ga yadda ake yi. Ka kira mutumin da ƙarfi, ka girgiza kafaɗarsa. Idan bai amsa ba, kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, ka aiki wani ya nemo mota ko malamin asibiti, ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba a kan katifa ba. Ka ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a bisa, ka danna ya shiga kamar santimita 5, da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Iyayenmu mata sun san saurin daka in an yi lugude, to, kusan haka. Bayan dannawa 30, ka karkata kansa baya, ka ɗaga haɓarsa, ka toshe hancinsa, ka hura masa iska sau 2, ka koma dannawa. Ƙaramin yaro hannu ɗaya ya isa, jariri kuwa da manyan yatsu biyu. Wani lokaci haƙarƙari yakan karye. Kada ka tsaya saboda haka, ƙashi yana ɗoruwa.

Ba zan ruɗe ku ba. Dattijon da ciwon zuciya ya kayar, sau da yawa yana bukatar injin da ke jan zuciya da lantarki, mu kuwa ba mu da shi a ƙauye, saboda haka ba kowa zai tashi ba. Inda wannan dabara ta fi ceton rai a wurinmu shi ne yaron da ya faɗa rijiya ko kududdufi, da wanda abinci ya shaƙe, da jaririn da aka haifa bai yi kuka ba. Waɗannan zuciyarsu lafiya take, iska ce kawai ta yanke. Shi ya sa ga wanda aka tsamo daga ruwa, hura iska ake farawa da ita. Amma me muka saba yi? Mu riƙe ƙafafun yaron mu juya kansa ƙasa, ko mu yi ta matsa cikinsa wai ruwa ya fito, mata suna kuka, maza suna gardama, lokaci yana wucewa. Ruwan cikinsa ba shi ke kashe shi ba, rashin iska ne. Jariri kuma, ungozoma ta goge jikinsa da busasshen zane, ta shafa bayansa da ɗan ƙarfi cikin minti na farko. Da yawa a nan suke tsala kuka.

Akwai maganar kunya, dole in taɓa ta. Namiji yakan ja da baya idan mace ce ta faɗi, balle surukarsa. Kunya hali ne mai kyau, amma ba a wannan wuri ba. Wannan ma dalili ne da ya sa nake so mata su fi yawa a cikin masu koyo.

Haɗarin mashin ya zama ruwan dare. Jini yana zuba, ka sami tsumma mai tsabta ka danne wurin da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. In ya jiƙe, ka ɗora wani a kai. Ban da zuba ƙasa, toka ko kashin shanu, da haka ciwon sandarewar jiki ke shiga. Wanda ya bugu a wuya ko baya kada a fizge shi a ɗora kan mashin. A babbar hanya a kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa.

Saran maciji kuwa, manoma kun fi ni sanin kububuwa. Dafinta yana hana jini daskarewa, saboda haka mai tsaga wurin da reza ƙofa yake buɗe wa jini. Tsotsa ba ta fitar da dafi. Ɗaure ƙafa tamau da igiya yakan ruɓar da ita har a yanke. A cire zobe da munduwa kafin kumburi, a ɗaura wa ƙafar sanda don kada ta motsa, a ɗauki mutumin, kada ya taka, a nufi inda ake da allurar dafi, kamar Kaltungo a Jihar Gombe ko Zamko kusa da Langtang. Kwana biyu a gidan mai magani shi ne ya cinye mutane da yawa. Ƙuna a sa mata ruwa mai sanyi minti 20, ba manja ko ɗanyen ƙwai ba. Yaro mai jijjiga a kwantar da shi a gefe ɗaya, kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa komai, kada a kai ƙafarsa wuta.

Duk abin da na faɗa, in a kunne ya tsaya, ranar tashin hankali zai tsere muku. Hannu ne ke tunawa. A ƙasar Denmak sun sa koyon danna ƙirji a makarantu tun 2005, daga baya har ga masu neman lasin tuƙi. Daga 2001 zuwa 2010, waɗanda mutanen kusa suka taimaka wa sun tashi daga wajen 21 cikin ɗari zuwa 45, waɗanda suka rayu kuma daga ƙasa da 4 cikin ɗari zuwa kusan 11. Suna da motocin asibiti da ba mu da su, gaskiya ne, amma hannun maƙwabci ne ya riƙe ran kafin motar ta iso.

Roƙona shi ne kowace ikkilisiya ta zaɓi aƙalla mutum huɗu, biyu mata, waɗanda suke zaune a gari rani da damina, ba masu tafiya cin rani ba. A sa ungozoma da ɗan acaɓa a ciki. Dattawa su nemi reshen Red Cross na jiha ko malaman asibiti mafi kusa su zo da mutum-mutumin roba, kowa ya durƙusa ya danna da hannunsa har ya yi gumi. Kada a gwada danna ƙirji a kan mai rai. A maimaita koyon kowace shekara kafin ruwa ya sauka, a ajiye akwatin bandeji, safar hannu da sabulu a gidan fasto, kowa ya san wanda ke riƙe da mabuɗin.