Dukiyar Jama'a Da Tashar Lantarki Ta Akurba

Jawabin da aka karanta wa taron 'yan Arewa mazauna Kudu



Duk ɗan Lafiya da ke neman abinci a Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, ya san Akurba. A nan ne Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya buɗe babbar tashar lantarki mai ƙarfin kilobolt 330 a watan Fabrairu 1922 da ɗari, watau 2022. Kafin wannan lokaci, Lafiya tana dogara ne da wani layi mai rauni daga Akwanga, alhali kuwa tun 1996 take hedkwatar jiha.

Abin tambaya shi ne: kuɗin wa aka kashe? Kamfanin da ya yi aikin, watau Niger Delta Power Holding Company, ba na wani attajiri ba ne. Gwamnatin Tarayya da Jihohi da Ƙananan Hukumomi su ne masu shi, kuma daga rarar kuɗin man fetur aka ɗebo jarinsa na farko, zamanin Shugaba Obasanjo. Ashe ke nan mai facin taya a Agege da mai sayar da goro a Sabo duk suna da rabo a ciki.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Arewa. A 1956 aka kafa hukumar raya Arewa wadda daga baya aka sani da NNDC. Da ribar gyaɗa da auduga ta talakawa Gwamnatin Sardauna ta haɗa kai da wani kamfanin Ingila, aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Dubban magidanta sun ci abinci a cikinta. Amma a 2002 masaƙar ta rufe, ma'aikata suka watse ba tare da an biya su haƙƙinsu ba.

Darasi biyu ke nan. Na ɗaya, akwai aikin da ɗan kasuwa ba zai taɓa ba, domin ribarsa tana nesa. Wannan sai Gwamnati. Na biyu, jarin da ba mai tambayar lissafinsa, gara ce za ta cinye shi.

Daɗin daɗawa, tasha dabam, wuta a gida dabam. Tun 2013 rarraba lantarki a Jihar Nasarawa ya koma hannun kamfani mai zaman kansa, Gwamnati tana da ɗan kasonta. Dokar lantarki ta 2023 kuwa ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu.

Saboda haka, wanda ya tara 'yan kuɗinsa a Kudu yana nufin kafa injin casar shinkafa ko shagon walda a gida, ya fara binciken awa nawa wuta ke zama a unguwarsu, kana ya sayi inji. Ƙungiyoyin 'yan Arewa kuma su riƙa rubuta wa wakilansu na Majalisa, su nemi a bayyana lissafin kowane asusun jari na Gwamnati shekara shekara. Dukiyar tasu ce.

Allah ya ba da sa'a, ya mai da kowa gida lafiya.