Mutum Huɗu da Tabarma Ɗaya

Karatu: Markus 2:1-12

Gaisuwa ta musamman gare ku da kuke jinmu daga kan gado ko kujera, ku da ciwon sukari ya kama, jiki ya yi nauyi, ƙafa kuma ta ƙi tafiya. Maganar yau taku ce, har da mutanen gidanku.

A karatunmu mun ji labarin wani shanyayye a Kafarnahum wanda ba ya iya kai kansa wurin Yesu. Mutum huɗu suka ɗauko shi. Da suka tarar ƙofa ta cika, sai suka hau soro, suka buɗe rufin, suka zura shi. Markus ya nuna mana cewa Yesu ya dubi bangaskiyarsu, wato har da ta masu ɗaukarsa. Mu riƙe wannan da kyau.

Da yawa cikinmu likita ya ce mana mu rage ƙiba. Mutum ya koma gida zuciya a karye, yana cewa, "Ni da ba na kai ƙofar gida sai da sanda, ta yaya?" Bari mu fahimci dalilin likita. Allah ya sa wani sinadari a jikinmu mai suna insulin, shi ke buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga tsoka. Kitsen da ya taru a ciki da hanta yana hana shi aikinsa. Mai kilo 100 in ya rage kilo 5 zuwa 10 kaɗai, sukarinsa yakan sauka. A shekara ta 2017 likitoci a Birtaniya sun ba da sakamakon wani bincike a kan masu ƙiba waɗanda ciwonsu bai wuce shekara 6 ba. Kusan rabin waɗanda aka sa a tsarin rage ƙiba, bayan shekara guda sukarinsu ya daidaita ba tare da maganin sukari ba. Ga kuma abin ƙarfafawa: ƙiba ta fi raguwa ta wajen abin da ke cikin kwano. Amma wanda ba ya tashi, ba shi ke zuwa kasuwa ba, ba shi ke ɗora tukunya ba. Saboda haka yana bukatar mutum huɗu, kowa ya kama kusurwa ɗaya ta tabarmarsa.

Na farko, mai girki. Mama, ki raba kwano haka: rabi ganye, kamar zogale, rama, alayyahu, kabeji ko kuɓewa; kashi ɗaya cikin huɗu wake, kifi ko ƙwai; sauran kashi ɗayan tuwo, kamar dunƙulen hannunsa. Ko tuwon acha ne, a auna shi, gama shi ma hatsi ne. A rage man ja da man gyaɗa a miya. In mai girkin ce take ciwo, maigida da yara ku karɓi aikin. Kuma gidan duka su ci irin abincin nan. Yana da wuya baba ya ci kwaɗon zogale alhali kowa na cin sakwara a gabansa.

Na biyu, mai ziyara. Al'adarmu ce mu gai da marar lafiya da lemon kwalba, da burodi, da kunun zaƙi. Amma kwalbar lemo guda tana ɗauke da sukari kimanin ƙaramin cokali 8 ko 9. 'Yan Zumuntar Mata, ku kai masa ƙwai, ko busasshen kifi, ko danƙin ganye. In ya ce ya ƙoshi, kada ku ce ya raina girkinku.

Na uku, mai zama kusa da shi. Ɗa ko jika ya zauna da shi bayan cin abinci, minti 10, su ɗaga hannu, su miƙe ƙafa su sauke, a zaune a kujera. Tsokar da ta motsa tana jan sukari daga jini. Kowace yamma kuma a duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu, domin ciwon nan yakan kashe jin zafi, ƙaramin rauni ya zama gyambo mutum bai sani ba.

Na huɗu, likita. Wanda ke allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin sukari, in ya rage ci, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa ƙwarai. Alamunsa gumi, rawar jiki, jiri da ruɗewa. A nan kam, muddin yana iya haɗiya, a ba shi abu mai zaƙi nan da nan. Don haka a gaya wa likita kafin a canja abinci, haka ma kafin a shiga azumin ikilisiya. Kada kowa ya ce muku zubar da magani shi ne bangaskiya. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne.

Kai kuma ɗan'uwa da ke kan tabarma, kana da naka rabo: ka yarda a ɗauke ka, kada ka aiki yara su sayo maka abin da aka hana a ɓoye. Bulus ya lissafta kamunkai cikin 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa sura 5, to, ka roƙe shi wurin Allah kowace safiya. In ka faɗi yau, gobe ka sāke. Ka tuna, tun mutumin nan yana kwance Yesu ya karɓe shi, ya gafarta masa. Darajarka a wurinsa ba a kan sikeli take ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka dubi bayinka masu fama da ciwon sukari. Ka ba su haƙuri da kamunkai, ka ba iyalansu ƙauna mai hikima, ka bi da hannun likitoci. Kada ka bar kowa a cikinmu ya rasa mai kama masa tabarma. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.