Daga Faris zuwa Landan: tafiyar jirgi da rikicin agogo

Yau zancenmu ya tsallaka Turai, don 'yan kasuwarmu da masu ɗa ko ƙane a can sukan tambayi yadda ake tafiya tsakanin Faris ta Faransa da Landan ta Ingila.

Nisan dai bai kai yadda ake zato ba. In an miƙe sosai, kilomita 340 ne da 'yan kai, kusan daidai da Yamai zuwa Birnin Ƙonni, ko Kano zuwa Abuja, in ba a bi kwanar hanya ba. Babban jirgi yana cin fiye da kilomita 800 a awa, to ai da lissafi ko rabin awa bai kamata ya cika ba. Amma a tikiti sai ka ga an rubuta kamar awa 1 da minti 20. Dalili kuwa, jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa. Sai ya yi ta jan jiki a fili yana jiran layi, ya haura a hankali, kafin ya gama miƙewa an ce ya fara gangara. Wani lokaci ma ya yi ta kewaye a sararin Landan kafin a ba shi izinin sauka.

To ga inda ake ruɗa baƙo. Agogon Landan yana bayan na Faris da awa guda. Ka tashi ƙarfe 10 na safe, ka sauka ka tarar 10 da minti 20. Ba wai minti ashirin ka yi ba, Alhaji! A dawowa kuma ka tashi ƙarfe 10, ka sauka 12 da minti 20. Kowane lokaci da ke kan tikiti na garin da aka ambata ne, kuma da shi za ka yi lissafin jirgin da zai kawo ka gida.

Mai buga waya daga nan ya riƙe wannan: daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu na Nijar da Najeriya ɗaya yake da na Faris, sauran watannin kuma da na Landan, domin su suna juya agogo sau biyu a shekara.

A ganina jirgin ƙasa ya fi sauƙi a wannan hanya. Tun 1994 Eurostar ke ratsa rami na kilomita 50 da ya bi ta ƙarƙashin teku, cikin kamar awa 2 da minti 20, daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari. Filayen jirgin sama kuwa galibi a bayan gari suke, ga bincike ga jiran kaya.

Ku da kuka san iyaka, kusanci ba ya ɗauke takarda. Bizar Shengen da ta shigar da kai Faransa ba ta aiki a Ingila, ko ta sama ko ta ƙasa. Sai ka nemi tasu daban tun kana gida, kafin ka biya kuɗin tikiti.