Haihuwa Bayan Aiki: Naƙuda ko Wuƙa ta Biyu?
Laccar da aka gabatar a gaban jama'ar Sabon Birni, ƙaramar hukumar Gwarzo



Maganata yau a kan mace ɗaya ce: wadda aka taɓa yi wa aiki aka ciro jariri, yanzu kuma ga wani cikin. A gidajenmu an riga an yanke mata hukunci iri biyu. Wasu su ce tunda wuƙa ta taɓa shiga, ita da haihuwa da kanta sai dai ta ga ana yi. Wasu kuma su ce ta ɓuya a ɗaki kawai, don in ta kuskura ta taka asibiti za a sake yanka ta. Maganar farko ta tsufa. Ta biyu kuwa ita ke kai mata kabari.

Ta farkon tana da asali. A 1916 wani likita a birnin Niyok, Edwin Cragin, ya koyar cewa wadda aka yi wa aiki sau ɗaya, aiki za a yi ta yi mata. A zamaninsa yana da hujja, domin a tsaye ake tsaga mahaifa, a samanta, inda naman ke murɗawa da ƙarfi lokacin naƙuda. A 1926 Munro Kerr na Gilasgo ya yaɗa yankan kwance a ƙasan mahaifa, wanda tabonsa ya fi jure wahala, kuma shi ake yi a asibitocinmu yau. Ƙungiyar likitocin mata ta Ingila, a jagorarta ta 2015, ta nuna cewa cikin mata 100 masu irin wannan tabo guda ɗaya da suka gwada naƙuda, 72 zuwa 75 sun haihu da kansu. In matar ta taɓa haihuwa da kanta, adadin yakan kai 85 zuwa 90.

Amma jagorar ta faɗi wani adadin: kusan mace 1 cikin 200, tabon yakan yage ana tsakiyar naƙuda. In ya yage, jini na kwarara ne a cikin ciki inda ido ba ya gani, jariri kuma iskar da yake samu ta yanke. Mintoci ake da su. Matar da ke kwance kusa da ɗakin tiyata, da likita da jini a ajiye, galibi ana ceto ta. Wadda ke Sabon Birni da tsakar dare, damina ta ɓata hanya, miji na neman mai mota, wa zai cece ta? Lura ku gani, waɗancan adadin masu daɗin ji duka a asibiti aka tattara su, ana sauraron bugun zuciyar jariri ba ƙaƙƙautawa.

To me zai hana a sake aikin kawai a huta? Nan ne lissafinmu ya bambanta da na Turai. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna macen Arewa maso Yamma na haihuwar 'ya'ya fiye da 6. Kowane aiki na barin tabo, hanji da mafitsara su manne, mabiyiya kuma a ciki na gaba tana iya kafewa a kan tabon ta nutse cikin naman mahaifa ta ƙi fita. Haɗarin wannan bai kai 1 cikin 100 ba a aiki na biyu, amma ya haura 2 cikin 100 a na huɗu, ƙarshensa kuma sau da yawa cire mahaifa ne. Don haka yarinya mai shekara 20 da ke fatan zuri'a mai yawa, ni a ganina ta cancanci a ba ta damar naƙuda, in sharuɗɗa sun cika.

Likita zai tambayi dalilin aikin farko. In jariri ne ya zo a gicciye ko mabiyiya ta tare hanya, wannan ba lallai ya maimaitu ba. In ƙugu ne ya yi ƙanƙanta, magana ta canza. Zai tambayi yankan da ke jikin mahaifar, domin tabon fatar ciki ba ya nuna shi, saboda haka takardar sallama ta aikin farko a adana ta kamar takardar gona. Zai tambayi tazara: kwanika a kan sabon tabo haɗari ne, a ba mahaifa kamar shekara biyu. Wadda aka yi wa yankan tsaye, ko mahaifarta ta taɓa fashewa, ranar aiki ake sa mata tun kafin naƙuda.

Iyayenmu ungozomai, ina roƙonku da girman Allah: mai tabo ba a ba ta jiƙon ƙara naƙuda, ba a danna mata ciki, ba a kira mai kemis ya yi mata allurar naƙuda ko ya ba ta ƙwaya. Surukai kuma, a daina kiran wadda aka yi wa aiki raguwa. Gorin nan ne ke sa ta cije baki a ɗaki kwana biyu.

Magidanta, nauyin naku ne. A kai mai tabo awo da wuri a Babban Asibitin Gwarzo, a yanke shawara tun cikin bai kai wata tara ba. In an tura ku Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ku tafi ta zauna wurin dangi a birni kafin lokaci. Kuɗi na tsorata mutane, gaskiya ne, amma a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da aikin haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Ku tambaya tun ranar awo wane asibiti ne ke cikin shirin. Ranka ya daɗe Dagaci, buƙatata gare ka biyu ce: kowace unguwa ta san direban da za a tasa da dare, kuma a rubuta sunayen samarin da suka yarda su ba da jini.